Jinjina ga Malam Bahago, Mai Rainon Giginyar Tsibiri

Da an sallame sallar asuba, kafin masu koko su gama jera kwanuka, Malam Bahago ya kama hanya. Daga ɗakinsa na haya a bayan Ƙofar Doka yake takowa da ƙafa har unguwarmu ta wajen Ƙofar Galadima. Ba ya hawa keke, ya ce in ya hau yakan iso bai gama tunanin aikin ranar ba. Inda yake nufa shi ne ƙaramin asibitin haihuwa da jama'ar unguwa suka gina da kansu, kwamiti ke riƙe da shi. Aikin da aka ɗauke shi a kai shara ne da ban ruwa. Haka ya yi shekara ashirin da uku, har ranar da aka karɓe makullin lambu daga hannunsa.

In ya shiga ba ya fara taɓa bokiti. Gindin giginyar tsibiri yake fara zuwa, ya tsuguna, ya soka ɗan yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In yatsan ya fito da sanyi, ƙasa ta manne masa, to ranar ba ruwa. In ya fito a bushe, sai ya ja guga shida ya zuba a hankali, yana jira kowane ya shige kafin ya ƙara. Daga nan ya miƙe, ya ja da baya, ya ɗaga kai ya dubi tsakiyar kanta, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, tsaye cak. Shi mashi yake ce masa. In mashin nan kore ne, sai ya ɗauki tsintsiya ya shiga sauran aiki. Wannan shi ne abin da na gani da idona kowace safiya, domin a bakin ƙofar asibitin nake shimfiɗa tabarmata ina saƙa mafici da faifai, tun kafin a kawo shi.

Ga wanda bai san ta ba, giginyar tsibiri ba giginyarmu ba ce. Ba ta kai ta tsawo ba, ba a samun muruci a jikinta, ba a yin azara da ita. Ganyenta ne faffaɗa, a buɗe kamar tafin hannu, ya fi na tamu laushi da sheƙi. Wata likita ce, Dakta Radiya, da ta yi karatu a wani tsibiri can cikin teku, ta zo mana aikin sa kai na shekara guda, ta kawo 'ya'yan guda tara a cikin kwalbar magani. Da za ta tafi ta rasa wanda za ta ba, sai ta miƙa wa mai shara. Ta ce masa ba su son ruwa ya kwanta musu, kuma suna da jinkiri. Iyakar karatun da aka yi masa ke nan. Sauran duk shi ya koya wa kansa.

Ya samo tsofaffin tukwane tara, ya huda gindinsu, ya gauraya yashi da ƙasa, ya binne. Wata ɗaya shiru. Wata uku shiru. Ma'aikata suka sa shi a gaba, kowa ya wuce sai ya ce, "Malam Bahago, ya tsakuwarka? Ta yi kunne?" Shi kuwa sai ya ce tana gaishe su. Akwai ranar da aka ɗebo tukwanen za a zubar don ana neman wurin shanya, ya bi su har bola ya dawo da abinsa ɗaya bayan ɗaya. A cikin wata na biyar guda biyu suka leƙo, siriri kamar ciyawar bakin rijiya. Bakwai ba su taɓa fitowa ba.

Biyun nan shekara uku suka yi a tukunya, yana matsar da su daga inuwa zuwa rana kaɗan-kaɗan. Da lokacin dashe ya yi, ya san ƙasar wurin laka ce, in marka ta zauna ruwa kwanciya yake yi kwana da kwanaki. Sai ya yi ta jido yashi a baro daga bakin rafi, ya tayar da tudu biyu, ɗaya dama da ƙofar ɗakin awo, ɗaya hagu, ya dasa su a kai, ba a rami ba kamar yadda kowa ya ce ya yi. Bai binne wuyansu ba ko da faɗin yatsa. Aka ce ya yi kabari biyu a ƙofar masu ciki, ya ce a bari damina ta zo. Damina ta zo, ruwa ya kwanta a tsakar asibitin har idon sawu, gwandar da wani ya dasa ta ruɓe, su kuwa suna bisa tudunsu.

Ni kaina ba da daɗi muka fara da shi ba, gara in faɗa. Da ganyen ya buɗe ya yi faɗi, raina ya biya. Mai saƙa ba ta ganin irin wannan ganye ta kau da kai. Na same shi yana shara na ce, "Bahago, ganye biyu kawai. Allah bai hana ba."

Ya ce, "Allah bai hana ba, Iya Asabe, ni na hana."

"Gadon gidanku ce?"

"Da gadon gidanmu ce ai da na ba ki. Ajiya ce."

Na ce to ga na ƙasa can ya fara ja, ai ya mutu. Ya jingine tsintsiya ya ce bai mutu ba, tana tsotse abin da ke cikinsa ne tana tura wa sabon, sai ta gama da shi tukuna. In aka yanke shi yanzu an ƙwace mata abinci a baki. Na gaya masa maganganu, ban rage ba. Bayan wata biyu sai ga shi da ganyen ya bushe ƙayau, ya jiƙa shi kwana ɗaya a ruwa har ya yi laushi, ya ajiye a gefen tabarmata ya wuce. Daga ranar duk ganyen da ya bushe nawa ne. Ɗanye kuwa, shekara ashirin ina roƙo, ko ɗaya ban samu ba.

Ba ni kaɗai ce shaida ba. Ungozoma Zakiyya, wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwar nan, tana nan da ranta, a tambaye ta. Ita ta ba ni labarin shekarar da rijiyar asibitin ta ƙafe da bazara. Ruwan da ake sayowa na masu haihuwa ne, Bahago bai taɓa ɗibar ko moɗa ɗaya ba. Sai ya gyara wurin alwalar mata, ya ja 'yar kwata daga nan zuwa gindin bishiyoyin, ruwan alwala ya riƙe su har ruwan sama ya sauka. Amma ruwan goge ɗaki mai magani, ko na wanki, wanda ya kuskura ya watsa a wurin sai sun kwana biyu ba sa gaisawa. Ita ce kuma ta ga ranar da wani bawan Allah ya kawo ɗanyen kashin shanu buhu uku, sadaka, ya ce a zuba musu. Bahago ya yi godiya, ya ja buhunan can bayan katanga ya tara, bai kai gindinsu ba sai da ya shekara ya zama baƙar ƙasa. Ya ce ɗanye zafi gare shi, kuma gwazarma yake tarawa, in ta girma ta zama ƙwaro kai take hawa ta ci mashi.

Kai ne, Bahago, ka san abin da bishiya ke so ba tare da ta yi magana ba. Kai ne ba ka taɓa bari a kafa ƙusa a jikinsu ba, ko ta rataya allon sanarwa. Har suka wuce rufin asibitin, har ya zama in baƙo na neman wurin sai a ce masa ya miƙe, zai ga giginya biyu masu kama da mafici, nan ne. Mata in an sallame su, a tsakanin su biyun suke tsayawa a ɗauke su hoto da jariri. Hotunan suna nan a ɗakunan unguwar nan ba adadi. Ba ka cikin ko ɗaya.

To, ga inda aka ɓata.

Kowa a cikin birni ya san abin da ake yi in bazara ta ja, hadari ya fara haɗowa. Ana kiran masu sara su rage wa darbejiya kai, don kada iskar farkon damina ta karyo reshe ta danne katangar ƙasa ko ta ɗage kwano. Al'ada ce mai kyau, ba na kushe ta. A sare darbejiya a bar ta ƙwal kamar an yi mata aski, kafin wata biyu ta yi toho ta fi da. Duk shekara haka ake yi wa guda huɗun da ke asibitin, Bahago na tsaye yana nuna inda za a sara, kuma ba mai kusantar giginyar.

Bara, a daidai wannan lokaci, yayansa ya rasu a ƙauye, ya tafi zaman makoki. Sabon ciyaman na kwamiti, Alhaji Muntasir, wanda ya yi ritaya daga aikin ofis, ya kira Sadiƙu mai sara. Aka gama da darbejiya, sai Alhaji ya nuna giginyar ya ce su ma sun yi tsawo, a rage musu kai. Sadiƙu ya ɗan yi turus, ya ce, "Alhaji, irin waɗannan kamar ba a taɓa musu kai."

Alhaji ya ce, "Wannan ba giginyar daji ba ce, malam. Fulawa ce, ta ado. Duk fulawa tirimin ake mata, a rage mata kai, ta ƙara cika. Hau kawai."

Mu mutanen birni, in za a faɗi gaskiya, giginya a rufin ɗaki muka san ta, ta zama azara. Ni da nake saƙa da kaba ma ban san abin da zai biyo baya ba, na dai ji raina bai so ba. Sadiƙu ya hau ta dama, ya sare kan gaba ɗaya, ya faɗo tim. Yana kafa tsani a jikin ta hagu sai ga Bahago ya shigo da ledar kayansa, daga mota yake. Bai yi ihu ba. Ya ajiye ledar, ya je ya riƙe ƙafar tsanin da hannu biyu, ya ce, "Sauko." Sadiƙu ya sauko. Bahago ya je inda kan ya faɗi, ya tsuguna, ya buɗa ganyen har ya kai ga mashin, fari sol daga ciki, a gutsure. Ya daɗe yana kallo. Shekara ashirin da biyu ke kwance a ƙasa, kuma ya san ba abin da zai mayar da ita. Ya tashi ya ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, wannan ta tafi. Kai ɗaya gare ta, ba ta da wani."

Alhaji ya yi dariya ya ce a bar ta hagun tukuna, in ta dama ta yi toho Bahago zai ga bambanci da idonsa.

Aka zauna jiran toho. Damina ta sauka, darbejiya huɗu suka yi kore shar. Kututturen giginyar yana tsaye kamar turken wuta. Ruwa ya riƙa shiga ta saman da aka sare, ya fara wari, ya yi baƙi. Bahago ya kifa masa tsohon kwano a kai, ba don yana sa rai ba, don dai kada ƙwari su taru su koma kan ɗayar.

Bayan damina kwamiti ya ce Bahago ya tsufa, a sallame shi. Ban ce kada mutum ya huta ba, shekarunsa sun kai. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka kawo lasifika, mutum ya fi sittin. Aka ba shi agogon bango da shadda. Sai Alhaji Muntasir ya karɓi lasifika ya ce Malam Bahago ya yi ƙoƙari, amma tsufa ba ya ɓuya, har ta kai asibiti ya yi asarar bishiya guda mai tarihi saboda yawan ban ruwa, saiwarta ta ruɓe. Ya ce an yafe masa.

An yafe masa. Mutumin da ke soka yatsa a ƙasa kafin ya zuba guga ɗaya, shi aka ce ya kashe ta da ruwa. Bahago yana tsaye rungume da agogo, ya dubi ƙasa, ya ce ya gode. Ya miƙa makulli. Mutane suka tafa. Daga ranar magana ta bazu, har a wajen masu shayi ana cewa tsohon nan ne ya kashe giginyar asibiti. Wani mai gida da ya so ya ɗauke shi ya duba masa shuke-shuke ya fasa. Shi kuwa bai daina zuwa ba. Ya zo ya tsaya ta waje, ya leƙa ta saman katanga ya ga mashi, ya gaya wa mai gadi yau a zuba ko kada a zuba, ya juya.

Asabar ɗin da ta wuce lokacin sara ya sake zagayowa. Alhaji ya kira Sadiƙu, ya ce tunda ruwa ne ya kashe waccan, wannan a yi mata tirimin ɗinta, amma a sassauta hannu. Sadiƙu ya jingine tsani ya ce shi fa ba zai hau ba sai an kira mai ita. Ya ce tun bara in ya wuce ta layin nan kau da kai yake yi. Ba a sha wahalar nema ba, Bahago na bayan katanga.

Ya shigo ya gaida Alhaji har ƙasa. Alhaji ya ce, "Malam Bahago, kai da ka yi ritaya, me kuma?"

Ya ce, "Alfarma ɗaya, ranka ya daɗe. A ara min gatari da fartanya, a ba ni wancan mataccen. In na gama, abin da ka ce a yi, a yi."

Ya fara da gindi. Ya tone tudun ta gefe guda har saiwa ta bayyana, ya kama ɗaya ya ja, ta ƙi tsinkewa. Ya ce, "Taɓa ka ji, Alhaji. In ruwa ne ya kashe ta, nan ne zai fara ruɓewa ya yi wari." Alhaji bai taɓa ba, amma ya sunkuya ya duba. Saiwa a bushe, ƙasa yashi ce wasai. Sannan Bahago da Sadiƙu suka kayar da kututturen, Bahago ya tsaga shi a tsaye. Daga sama baƙi ne, ya ruɓe kamu uku zuwa huɗu. Daga nan zuwa ƙasa fari ne, lafiya lau. Cikinsa kuwa ba itace ba ne irin wanda muka sani, zare-zare ne a jere kamar an ɗaure tsintsiya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, nuna min ido ɗaya a nan inda reshe zai fito."

Alhaji ya duba, bai ga ko ɗaya ba. Bahago ya ja shi zuwa gindin darbejiya ya nuna masa inda aka sare bara, toho ya fito ta ko'ina, sama da ƙasa. Ya ce, "Wannan duk jikinta ido ne. Waccan idonta ɗaya, a tsakiyar kai. Shi aka cire."

Ungozoma Zakiyya na tsaye a ƙofar ɗakin awo ta ce, "To, Alhaji, ruwa ne ko gatari?"

Alhaji ya kakkaɓe hannun rigarsa, ya ce wa Sadiƙu, "Shi ke nan, a bar wannan ɗin." Ya shiga mota. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Giginyar hagu ta tsira, alhamdu lillahi. Amma mu biyar ne a wurin: ni, da Zakiyya, da Sadiƙu, da mai gadi, da shi Bahagon. Ƙaryar kuwa a gaban mutum sittin aka yi ta, da lasifika. Na ce masa, "Yanzu shi ke nan, haka za ka bari?" Ya ce, "Iya Asabe, tana tsaye. Ya isa." Na ce a wurinka ya isa, a wurina bai isa ba.

Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara min ko kalma. Ba na neman a kori kowa. Alhaji Muntasir ya yi wa asibitin nan aiki, shi ya sa aka gyara rufin ɗakin haihuwa, ban manta ba. Kuskure kuma kowa na yi, ni ma ina zaune aka hau da gatari ban hana ba. Abin da ba a yi shi ne ka yi kuskure ka ɗora wa wanda ba shi da bakin musu, sannan ka ce ka yafe masa. Abu biyu nake nema. Ranar Asabar mai zuwa akwai mitin ɗin kwamiti da jama'ar unguwa, a rumfar nan dai, da lasifikar nan dai. Alhaji ya tashi ya faɗi abin da ya kashe giginyar dama, da bakinsa. Na biyu, a bar Bahago ya riƙa shiga ta ƙofa ya duba wadda ta rage, ya koya wa wanda zai gaje shi, ba ya tsaya leƙe kamar ɓarawo ba.

Malam Bahago, mun gode. Na gode da busasshen ganye, na gode ma da ɗanyen da ka hana ni. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya jiƙan yayanka. Ku kuma da aka ba ajiya, ko asibiti ne, ko aji, ko rijiyar unguwa, ku yi koyi da shi: ku san abin da ke hannunku kafin ku ba da umarni a kansa, in ba ku sani ba ku tambayi wanda ya sani, ko da shi ne mai shara.

Duk matar da ta haihu a asibitin nan, da duk mijin da ya zo ɗaukar mai jego, ina gayyatarku ranar Asabar da hantsi. Ba faɗa za mu yi ba, zama za mu yi mu saurara. In Alhaji ya faɗa, ni zan fara tashi in gode masa. In bai faɗa ba, Sadiƙu ya ce shi zai karɓi lasifikar, tunda hannunsa ne ya riƙe gatarin.